Baba Hashimu, Mai Tarbar Motar Asibiti

Shekara biyu da rabi na yi a gidan Baba Hashimu, can saman dutsen da ke bayan titin Mansur a Makka. Daga Zariya na je karatun shari'a, da zaman ɗakin ɗalibai ya ishe ni sai na kama ɗaki a wurinsa. Shi a Sudan aka haife shi. Iyayensa mutanen Ƙaraye ne, sun taho Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka zauna noman auduga fiye da shekara goma kafin su ƙetare teku. Yana da shekara goma sha biyu ya shigo Makka, bai taɓa ganin Kano da idonsa ba. Wannan bai hana shi zama Bakano a kaina ba. Ranar da na kawo kayana ya tambaye ni garinmu, ina faɗa ya juya ya kira matarsa.

"Maryama, fito ki gani. Allah ya kawo mana Bazazzagi har gida, mun huta da ɗebo ruwa."

Tun daga ranar bai sake kirana Hudaifa ba, sai Shehin Zazzau.

Shekara ashirin da shida ya yi yana tura gadon marasa lafiya a wani asibiti, har gwiwa ta fara ba shi matsala ya ajiye aikin. Bai yi karatun likita ba, ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Amma ya daɗe yana ganin yadda ake shigo da mutane da yadda ake fita da su, saboda haka ya san fuskar ciwo. Yakan ce abu uku ba sa jira: baki ya karkace, ƙirji ya riƙe, jini ya ɓalle. Na ji wannan maganar a bakinsa ya fi sau hamsin, har nakan riga shi ƙarasawa don in tsokane shi.

Unguwar tamu mota ba ta hawa. Daga bakin titi zuwa ƙofar gidanmu matakala ce ɗari da saba'in da 'yan kai, wasu na siminti, wasu dutsen ne aka sassaƙa. Lungunan ba su da suna, gidajen ba su da lamba. Idan aka kira is'af, wato motar asibiti ta gaggawa, iyakarta bakin titi. Sai an sami wanda zai faɗa wa mai ɗaukar waya daidai inda za ta tsaya, da wanda zai sauka ya tarbe ta, da waɗanda za su ɗauko marar lafiya. Duk wannan Baba Hashimu ne. Ba wanda ya naɗa shi. Yana da makara ta kansa ta ɗaukar marasa lafiya, bututun ƙarfe biyu da tamfol mai kauri da ya ɗinke da hannunsa, tana jingine a bayan ƙofa. Da an ƙwanƙwasa masa zai buga lambar motar a waya, tara tara bakwai, ya yi magana da Larabcin kasuwa irin nasa wanda ba ya cikin littattafanmu, ya ce a tsaya gaban gidan burodi da ke kallon kantin magani. Daga nan sai ya kama mutum huɗu a ɗauka.

Akwai kuma wani aikin nasa da ya fi waɗannan muhimmanci a wurin mutanen unguwa. Da yawa daga cikinsu ba su da iƙama, takardar zama, ko kuma tasu ta mutu. Jiniya kowace iri ce a wurinsu ɗaya ce. An taɓa yin wata mata da ta ji jiniya ta dira daga rufin ɗaki ta karye a ƙugu, alhali motar kashe gobara ce ke wucewa. Tun daga nan ya zama al'ada, ba a kiran mota sai an sanar da gidaje. Baba Hashimu yakan gangara yana dukan ƙofofi da tafin hannu yana cewa, "Ta asibiti ce, jama'a, kowa ya zauna." In shi ya faɗa, an yarda. Sanarwar ba ta cin masa minti biyar, don yana tafe yana yi.

Na taimaka masa sau shida ko bakwai. Nakan riƙe ƙarshen makara ta baya, yana gaba yana yi mini tsiya, wai hannun da ya saba da ɗaga littafi ne, kada in zubar masa da mutum. A tare muka sauko da wata mai naƙuda, da wani tsoho mai ciwon suga, da wani tela da wuta ta ja. Ma'aikatan motar sun san shi, wasu har sukan tambaye shi gwiwa.

Abin da zan faɗa ya faru ne a watan Muharram, ƙarshen shekarar 2013. Na gama jarrabawata ta ƙarshe, ina jiran takardar shaida da tikitin komawa gida. A lokacin an tsananta binciken takardu a ko'ina. Shaguna da yawa a Mansur a rufe suke, mazan unguwa wasu sun tafi wurin 'yan'uwa a wasu garuruwan, wasu suna cikin ɗaki ba sa leƙowa. Kullum da labarin da za a kawo, wanda ba a san mai ganinsa da ido ba.

Raliya, 'yar Baba Hashimu ta ƙarshe, tana gidan. A Makka aka haife ta, amma da ta yi aure takardarta ta koma ƙarƙashin ta mijinta. An kama mijin an mayar da shi Chadi tana da ciki wata biyu, tata takardar ta mutu a hannunta. Ta haihu a gida, a hannun Iya Ɗaso, ungozomar unguwa, tsohuwa mai faɗa a ji wadda ta karɓi haihuwar rabin matasan dutsen nan. Jaririn ba shi da takardar haihuwa. Ranar kwanansa shida, washegari suna.

Da hantsi Baba Hashimu ya hau da ragon suna. Na ce ya bari in ja, ya ce ragon Kanawa ba ya bin Bazazzagi. Ya ɗaure shi a ɗan filin da ke gaban ɗakina, ya miƙe zai ce wani abu, sai na ga igiyar ta zame daga hannunsa na dama. Ya dube ni kamar yana mamaki. Ya jingina da bango, ya sulale ƙasa. Na duba wayata daga baya na tabbatar, ƙarfe goma da minti ashirin ne.

Ɗakina ne mafi kusa, ƙofarsa a waje take. Ni da Inna Maryama muka ja shi ciki muka kwantar a katifata. Gefen bakinsa na dama ya sauko, miyau yana bin gemunsa. Na kira shi, ya yi ƙoƙarin amsawa, abin da ya fito ba magana ba ce. Ban yi shakkar ko mene ne ba, shi ya koya mini.

Na ciro waya na danna tara, na danna tara. Sai ya kama mini wuyan hannu da hannunsa na hagu. Ban san yana da ƙarfi haka ba. Ya ɗaga ido sama, wajen ɗakin da Raliya take, ya dawo da shi kaina, ya girgiza kai. Na ce, Baba, kai ka ce wannan ba ya jira. Ya sake girgiza kai, ya ƙara matsewa.

Iya Ɗaso ta sauko daga wurin mai jego ta same mu a haka. Da farko ta ce rana ce da gajiya, a kawo zamzam a ba shi. Wannan kaɗai na iya hanawa, don na tuna ya sha cewa wanda bakinsa ya karkace ba a ɗura masa ruwa, shaƙewa zai yi. Ta harare ni, ta shafa masa a fuska kawai. Da ta ɗaga hannunsa na dama ta sake shi ya faɗi kamar tsumma, sai ta ajiye zamzam ɗin. Ita ma ta gane.

Na ce a kira mota yanzu, Raliya ta kulle ƙofarta ta zauna, ba wanda zai hau sama. Iya Ɗaso ta ce jariri ba a kulle masa baki, in ya yi kuka aka tambaya ɗan wa ne fa? Ta ce an faɗa mata a unguwar Kudai an kira mota shekaranjiya, ta zo da 'yan sanda a bayanta. Na ce sau nawa muka kira, ban taɓa ganin sun tambayi kowa takarda a unguwa ba. Ta ce da ke nan, yanzu wani zamani ne.

Sai Inna Maryama ta sa baki. Tana zaune a ƙasa ta ɗora kan mijinta a cinya. Ta ɗago ta dube ni.

"Malam Hudaifa, kai ne mai karatu. Za ka rantse mini da Allah ba za su taɓa mini 'ya ba? In ka rantse, kira."

Wannan wurin nake komawa kullum. Shekara huɗu na yi ina karanta babin rantsuwa, na san hukuncin wanda ya rantse a kan abin da ba shi da tabbas. A raina na fi ƙarfafa zaton ba abin da zai faru. Amma zato ba tabbas ba ne, kuma a makon nan ba wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi. Na buɗe baki na ce, "Inna, ba zan iya rantsuwa a kan gaibu ba." Amsar da zan ba malami a aji ita na ba ta. Ta sunkuyar da kai. Na mayar da wayar aljihu, sai a sannan Baba ya sake ni.

Iya Ɗaso ta yanke shawara. Za a kai Raliya da jaririn gidanta, lungu uku sama da namu, sannan a kira. Amma abu biyu suka tare hanya. Mai jego ba ta fita kafin suna, sai an sami dalilin da za a faɗa mata. Kuma ba a gaya wa mai jego mummunan labari, kada nono ya ɗauke ko jini ya ɓalle mata. Saboda haka ba za a ce mata mahaifinta ya faɗi ba. Za a ce ana son share ɗakin a shimfiɗa wa baƙin gobe. Ɗakin nata a sama yake, na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara, ba ta ji komai ba.

Har an fara haɗa mata kaya sai wata maƙwabciya ta zo da labarin an ga motar jawazat, masu binciken takardu, a bakin titi, wai wasunsu sun hau har rabin matakala. Iya Ɗaso ta ce to ba mai fita lungu da jariri yanzu, a bari a kira azahar, lokacin suke tafiya. Na sauka da gudu in gani da idona. Ban ga kowa ba sai mai gidan burodi yana wanke tire. Ya ce shi ma ji ya yi. Na hau na faɗa musu. Aka ce ai ba a fili suke tsayawa ba.

Na zauna kusa da shi. Ban san yadda zan kwatanta awannin nan ba. Fanka tana juyawa, ragon yana kuka a waje, agogon wayata yana tafiya. Ina goge masa miyau da gefen rawanina. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Idonsa a buɗe, yana bin duk wanda ya motsa. Sau biyu na kai hannu aljihu, sau biyu ya dube ni, na fasa. Ina da ƙafa, ina iya fita lungu in kira ba tare da kowa ya sani ba. Na yi wannan tunanin. Na kuma yi tunanin Raliya a bayan mota mai raga da ɗan kwana shida a hannu, da abin da zan ce wa mutanen gidan da suka ciyar da ni shekara biyu da rabi. Wajen sha biyu ya daina bin mu da ido sosai. Numfashinsa ya fara yin minshari.

Da aka kira azahar suka fito da ita ta ƙofar baya, lulluɓe, tana mitar me ya sa ba za a bari sai da yamma ba. Ina jin muryarta ta bayan bango. Sai da Iya Ɗaso ta aiko cewa sun isa, sannan Inna Maryama ta ce, "Kira." Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce.

Wanda ya ɗauki wayar ya yi mini tambayoyi a natse. Na faɗa masa gidan burodi mai kallon kantin magani, kamar yadda na saba ji. Sannan na gangara ina dukan ƙofofi ina cewa ta asibiti ce. Ba ƙofar da aka buɗe. A wani gidan na ji ana jan sakata ana ƙara kullewa. Muryar ba tasa ba ce.

Motar ba ta yi minti goma sha biyar ba ta iso. Mutum biyu ne, suka ɗauki jakunkunansu suka biyo ni a guje. Babban cikinsu yana shiga ɗakin ya gane shi, ya ce, "Ammu Hashim?" wato Baba Hashimu da Larabcinsu. Ya durƙusa ya haska idonsa, ya auna jini da suga, ya sa masa abin shaƙar iska. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na faɗa. Ya dubi agogonsa, ya dube ni.

Sai maganar saukowa. Baba Hashimu mutum ne mai jiki, matakalar kuma akwai inda take lanƙwasa mutum biyu ba sa jerawa. Ana bukatar huɗu a ɗauke, ɗaya yana riƙe da tulun iska. Na fita na kira sunayen mazan da muka saba ɗauka tare, ɗaya bayan ɗaya, a ƙofofinsu. Wasu ba sa nan da gaske. Wasu na san suna ciki. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba, duk wanda ya sauka bakin titi ranar bai san ko zai hau ba. Ma'aikacin ya yi magana a rediyonsa ya nemi 'yan kwana-kwana. Suka zo su biyar cikin kayan aiki, da wani gado mai kama da kwale-kwale da igiyoyi. Suka ɗaure shi a ciki, suka sauko da shi a hankali, a lanƙwasa suna ɗaga shi sama da kawunansu. Makararsa tana bayan ƙofa, ba a taɓa ta ba.

Tun hawansu har saukarsu ba wanda ya tambayi takardar kowa. Ba wanda ya dubi benen. Ɗaya daga cikinsu ma da zai wuce sai da ya shafa kan ragon ya ce mabruk, wato barka.

Ni na bi motar, don ni ke da iƙama mai rai da Larabcin da zan yi bayani. Mun shiga asibiti ƙarfe uku ta gota. Aka ɗauki hoton kansa. Wata likita ta fito ta same ni a baranda ta sake tambayar lokacin da ya fara, ta ce in tabbatar, don akwai allurar da ke narkar da jinin da ya toshe jijiya, amma ba a yin ta sai a 'yan awannin farko, bayan haka haɗarinta ya fi amfaninta. Na ga ƙofar ƙarya a buɗe a gabana, in ce sha biyu. Na tambaye ta in an yi masa a makare me zai faru. Ta ce jini na iya ɓallewa a ƙwaƙwalwa ya mutu. Na ce goma da minti ashirin. Ta rubuta. Ta tambaya gidan yana da nisa ne. Na ce a'a.

Baba Hashimu bai mutu ba. Kwanansa goma sha tara a asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya tafi, magana ma ta tafi, sai wani sauti guda da yake maimaitawa ko me yake nufi. An yi suna ba ya nan, ba taro, liman da mutum huɗu. Da aka sallame shi mazan unguwa suka fito, har sun yi yawa, suka hau da shi. An ce a riƙa kai shi gashin jiki sau biyu a mako. An kai shi sau uku.

Ni kuma tun ranar ban koma daidai ba. Yanzu wata huɗu ke nan da dawowata Zariya, in na ji jiniya a titi sai in kai hannu aljihu ina laluben waya. An ba ni aji a wata islamiyya. Da muka zo babin rantsuwa na ce wa wani malamin ya karɓa mini. Na tambayi malamai biyu ko da na rantse ranar da na yi laifi. Ɗaya ya ce ceton rai ya fi ƙarfin wannan, ɗaya ya ce na yi daidai, abin da aka rubuta ba ya kuskure. Ba wanda amsarsa ta sa na yi barci.

Ana gobe zan taho na shiga yi musu sallama. Baba yana jingine da matashi, an yi masa aski. Na durƙusa na ce Shehin Zazzau zai koma gida, a yafe masa. Ya daɗe yana kallona, ya yi sautin nan nasa. Inna Maryama ta ce wai ya yafe. Ban san ko ta ji ne ko ta faɗa ne kawai ba.

Da na fito sai na tarar da Raliya a bakin ƙofa, jaririn a kafaɗarta. Shekara biyu da rabi maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. Ta yi mini addu'ar sauka lafiya, na amsa, har na juya.

"Yaya Hudaifa," ta ce. "An ce awa uku ka yi da waya a hannu."

Na ce haka ne.

"Saboda ni."

Na ce Baba ne ya hana, kuma kowa tsoro yake ji, ba laifinta ba ne. Ta gyara wa yaron hula. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ina sama, tsakanina da ku matakala goma sha biyu. Ina ta ninke kayan jariri. Da ɗayanku ya hau ya tambaye ni."

Ta jira kaɗan, sannan ta shiga ciki, don lokacin juya Baba ɗaya gefen ya yi.